Ɗaukar Bindiga Tare da Jakar Goyo a Doguwar Tafiyar Ƙafa: Nazari Daga Svalbard da Alaska

1.0 Gabatarwa

Mutumin da zai yi kwanaki yana tafiya a ƙafa cikin dajin da ba gari ba ƙauye, ba shi kuma da dabbar da za ta ɗaukar masa kaya, tilas ne ya goya abincinsa da ruwansa da shimfiɗarsa da tantinsa a baya. Idan aka ƙara masa doguwar bindiga a kan wannan, sai wata tambaya ta taso, wadda da farko za a zaci ba ta kai a kawo ta gaban taron masana ba, watau a ina zai sa bindigar? Manufar wannan takarda ita ce mu nuna cewa amsar ba ta rataya ga son ran matafiyi ba. Lissafi ne ke ba da ita, kuma lissafin na daƙiƙoƙi ne: lokacin da mutum zai ɗauka kafin bindigar ta bar inda ya ɗaure ta ta hau kafaɗarsa, a gwada shi da lokacin da abin da yake tsoro zai ɗauka kafin ya iso gare shi.

Mun ɗauko misalanmu daga wurare biyu. Na farko shi ne Svalbard, tarin tsibirai a tekun ƙanƙara na can ƙuryar arewacin duniya, waɗanda yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Faris a 1920 ta danƙa mulkinsu ga ƙasar Norway. Babban garinsu, Longyearbyen, yana da mazauna kimanin 2,500. Na biyu shi ne Alaska, jihar Amurka ta arewa maso yamma. Dalilin zaɓen kuwa shi ne, a waɗannan wurare ba soja da maharbi kaɗai ke tafiya da bindiga ba. Malamin jami'a mai binciken duwatsu, da ɗalibinsa, da jagoran 'yan yawon buɗe ido, duk sukan ɗauke ta, saboda dabbar nan da ake kira beyar. Farin beyar na Svalbard, namijinsa yakan kai kilo 350 zuwa 600. Na Alaska da muke magana a kansa shi ne mai launin ƙasa.

Ya kamata mu faɗa tun yanzu cewa bayanin ya shafi ƙasashen da dokarsu ta yarda da wannan ɗauka. A Nijeriya, Dokar Makamai ta 1959 ta sanya bindigogin soja masu faɗin baki milimita 7.62 da masu inci .303 cikin jerin waɗanda aka haramta wa jama'a, sauran ma sai da lasisi.

2.0 Kalmomin da za mu yi aiki da su

Bindigar da aka fi ɗauka a waɗannan wurare ita ce wadda za mu kira mai sakata, domin ƙarfen da ke rufe bayan bututunta yana aiki kamar sakatar ƙofa: a ɗaga hannunsa, a ja baya, a tura gaba, a kwantar. Wannan turawa ita ke ɗebo harsashi ɗaya daga gidan harsasai ta shigar da shi mazauninsa a gindin bututu. Makulli shi ne ɗan ƙarfen da ke hana bindiga tashi ko an ja kunama. Maratayi kuwa shi ne madaurin da ake saɓa ta da shi, kamar hamilar takobi.

Daga nan bindiga takan kasance cikin ɗayan halaye uku. Fanko ce idan babu harsashi a cikinta ko ɗaya. Tana da rabin ɗuri idan gidan harsasai cike yake amma mazauni babu kome, an rufe sakata a kan wofi. Tana a ɗane idan harsashi na cikin mazauni, ba abin da ya rage sai a buɗe makulli a ja kunama. Bindigar gargajiya ta maharbanmu, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, ba ta da halin nan na tsakiya yadda ya kamata, domin da zarar an danna ɗurin ya zauna ke nan, sai dai a cire abin da ke ta da wutar.

Jakar goyo ta doguwar tafiya kuma ba irin ta 'yan makaranta ba ce. Tana da ƙashi na ƙarfe ko roba mai tauri a ɓangaren da ke manne da baya, da madaurin kafaɗa biyu, da ɗan siririn madauri a ƙirji, sa'an nan da ɗamara mai kauri wadda ke sauke mafi yawan nauyin a kan ƙugu.

3.0 Nauyi da wurin zamansa

Wani marubucin tarihin soja na Amurka, S.L.A. Marshall, ya buga ɗan littafi a 1950 a kan kayan da soja ke ɗauka, inda ya kafa hujjar kada kayan su wuce sulusin nauyin mai ɗaukarsu. Bisa wannan ma'auni, mutum mai kilo 70 rabonsa kilo 23 ne. Bindigogin da muke magana a kansu, irin su Mauser 98k ta Jamus da Lee-Enfield ta Ingila, nauyinsu wajen kilo 4 ne, tsawonsu kuma ya ɗan haura santimita 110. Ashe ke nan bindiga kaɗai ta cinye kusan kashi ɗaya cikin shida na rabon matafiyi tun bai sa ko loma ɗaya ta abinci a jaka ba.

To amma nauyin da sikeli ke nunawa dabam, wanda jiki ke ji dabam. Duk macen da ta taɓa goyo ta san haka: yaron da aka tamke da majanyi ya manne da baya bai kai wanda zanen ya saki ya yi baya da kai wahalar ɗauka ba, alhali kuwa yaron ɗaya ne. Masana kimiyyar motsi sun bayyana dalilin da cewa ƙarfin da kaya ke jan mutum da shi daidai yake da nauyin kayan a ninka shi da tazararsa daga ginshiƙin jiki. Bari mu buga misali. Bindiga mai kilo 4 da ke santimita 8 daga ƙashin baya, janta 32 ne. Idan aka ɗaure ta a can bayan jaka, a tazarar santimita 30, jan ya zama 120, watau kusan ninki huɗu, kuma matafiyi zai biya wannan bambanci da sunkuyawa gaba tun safe har yamma.

Idan a gefen jaka aka ɗaure ta, matsalar sai ta koma irin ta mangalar da aka cika ɓangare ɗaya. Kilo 4 a tazarar santimita 20 daga tsakiya yana karkatar da jakar da ƙarfin 80, sai madaurin kafaɗa ɗaya ya fi ɗaya ci, ɗamara ta riƙa zamewa gefe. Maganin da aka saba shi ne a sa wani abu mai nauyi a ɗaya gefen, galibi ruwan sha, tun da lita ɗaya kilo ɗaya ce. Sai dai gorar lita biyu rabin karkatar kawai take gyarawa, kuma ruwa shan sa ake yi. Jakar da ta tashi daidai da hantsi, kafin azahar ta koma karkatacciya, bindiga kuwa ba ta rage ko giram ɗaya ba.

Akwai kuma batun tsawo. Bindigar ta fi jakar tsawo, saboda haka dole wani sashenta ya leƙo, ko sama da kai ko ƙasa da ƙugu. Wanda ya leƙo sama yana kama rassa, yana kuma lilo da kowane taki. Wanda ya leƙo ƙasa yana dukan sharaɓa, yana tokarar ƙasa a gangare ko sa'ad da mutum ya zo zama.

4.0 Hanyoyin ɗauka

Riƙewa a hannu ita ce mafi sauri, ita ce kuma mafi gajiyarwa, ba mai iya jure ta yini guda da kaya a baya. Saɓawa a kafaɗa da maratayi ita ce wadda kowa ya sani, kuma maharbin da burgami kaɗai ke rataye a gefensa ba ya ganin aibunta. Mai jakar goyo kuwa yana gani. Madaurin jakar ya riga ya cike ɗan kwarmin kafaɗa inda maratayi ke zama, sai maratayin ya yi ta sulɓewa, hannu ɗaya ya ƙare a aikin tare shi. Ga shi kuma an tara nauyi biyu a kan jijiyoyin da suka ratsa ta kafaɗa suka sauka hannu. Likitocin soja sun daɗe da sanin wata irin mutuwar hannu da dannewar madaurin jaka ke haddasawa a wannan wuri. Masu koyar da harbi a Amurka sun raba saɓawar iri biyu: baki sama a kafaɗar hannun da ake harbi da shi, suna ce mata ɗaukar Amurka, da baki ƙasa a ɗaya kafaɗar, suna ce mata ɗaukar Afirka. Ta biyun ta fi saurin kawo bindiga ga saiti, tana kuma kare bututu daga ruwan sama, amma tana kusantar da baki ga taɓo.

Ɗaurewa a gefen jaka mun riga mun ga halinta. Abin da za mu ƙara shi ne, ba a iya kwance ta sai an sauke jakar, ko abokin tafiya ya kwance wa mutum.

Hanyar da ta fi dacewa da lissafin nauyi ita ce ta kube, watau wani dogon aljihu da ake ɗinkawa tsakanin ƙashin jaka da cikinta, a zura bindiga baki ƙasa, gindinta ya leƙo ta bayan wuya. Tushen dabarar yana da alaƙa da wasan nan na lokacin sanyi da ake haɗa gudun zamiya a kan dusar ƙanƙara da harbin bara, wanda ya shiga wasannin Olamfik a 1960. 'Yan wasan suna goya bindiga da madauri biyu a tsakiyar baya, baki sama, babu harsashi a mazauni, kuma dokar wasan ta hana nauyinta ya gaza kilo 3.5. Glen Eberle, wanda ya wakilci Amurka a wannan wasa a Sarayebo a 1984, shi ne ya kafa kamfanin Eberlestock da ya yi suna wajen jakunkuna masu kube. Kube yana sakar wa mutum hannuwansa biyu, yana kare bindiga daga ƙarzuwa, kuma wanda ya saba yana iya miƙa hannu ta bayan kai ya zaro ta ba tare da ya sauke kaya ba. Sai dai zarowar tana bukatar sarari a sama da kai, da kafaɗa mai laushi, kuma idan an cusa jakar ta yi tim, kayan ciki sukan matse kuben.

Wata dabarar kuma ita ce ta kamfanin Kifaru na Amurka, sunan da aka aro daga Swahili mai nufin karkanda. Gindin bindiga yana zama cikin wani ɗan aljihu da ke rataye a ɗamarar ƙugu, bututun ya bi ta ƙarƙashin hamata ya fito gaban kafaɗa, a kama shi da madauri mai saurin kwancewa. Nauyin yana kan ƙugu, hannuwa a sake suke, bindiga kuma tana gaba inda ido ke ganinta. Aibunta shi ne bakin bindigar yana kusa da fuskar mai ita, wanda ya sa ba a ko tunanin ɗaukarta a ɗane ta wannan hanya.

5.0 Lissafin daƙiƙoƙi

Duk abin da muka faɗa zuwa nan ya nuna abu ɗaya: wurin da ya fi sauƙi ga baya shi ya fi nisa da hannu. Don haka sai a tambayi dalilin ɗaukar bindigar.

Maharbin ragon dutse a Alaska yakan yi kwanaki yana hawa kafin ya ga abin da ya fito nema. Idan ya gan shi ma, da tabaron hangen nesa yake ganinsa, a wani tsauni can, kuma yana da isasshen lokacin sauke jaka, ya kwanta, ya daidaita numfashi. Abin da ya fi yi masa barazana a kan hanya shi ne faɗuwa, don haka bukatarsa hannuwa biyu ne na kama dutse ko sandunan dogarawa. Irin wannan mutum, kube ko gefen jaka ya ishe shi.

Mai tafiya a Svalbard ba farauta ta kai shi ba. An hana farautar farin beyar a can tun 1973, shekarar da ƙasashe biyar masu iyaka da yankin suka ƙulla yarjejeniyar kare shi a Oslo. Doka ta wajabta wa duk mai fita bayan gari ya riƙe abin razana beyar, kamar ƙaramar bindigar nan mai harba dunƙulen wuta, Gwamnan tsibiran kuma yana ba da shawarar a haɗa da babbar bindiga wadda ba ta gaza ƙirar .308 ko .30-06 ba. Ba a yarda a harbi beyar ba sai don kare rai, kuma duk wanda aka kashe sai ofishin Gwamna ya yi bincike. Daga 1 ga Janairu 2025 ma an ƙara da cewa kada mutum ya kusanci beyar ƙasa da mita 300, ko mita 500 daga 1 ga Maris zuwa 30 ga Yuni. Bindigar dai ta ranar da kome ya ɓaci ce, wannan rana kuwa ba ta yin sallama.

Farin beyar yana iya gudun kilomita 40 a sa'a a gajeren zango, watau mita 11 a daƙiƙa ɗaya. Idan ya taso daga mita 100 yana bukatar daƙiƙa 9, daga mita 50 kuwa huɗu da rabi. Yanzu sai mu ƙirga aikin da ke gaban wanda ya ɗaure bindigarsa a gefen jaka: ya ɓalle madaurin ƙirji, ya ɓalle ɗamara, ya sauke jaka, ya kwance madauri na sama, ya kwance na ƙasa, ya cire safar hannu mai kauri, ya ja sakata ya tura, sa'an nan ya ɗaga ya yi saiti. Matakai takwas ke nan. Ko da an ƙaddara kowanne daƙiƙa biyu kacal zai ci, a hannun da sanyi ya ƙandare da zuciyar da ke dukan uku-uku, an sami daƙiƙa 16, wanda a gudun beyar ya haura mita 170. Ma'ana, wannan mutum bindigarsa ba ta da amfani gare shi sai in ya hango dabbar tun tana nesa da haka.

A nan ne ƙa'idar ta fito. Abin da ke yanke hukuncin inda bindiga za ta zauna shi ne nisan da ido ke kaiwa a wurin da ake tafiya. Svalbard ba ta da itatuwa, kuma a fili mai faɗi da rana tsaka ana iya hango beyar daga kilomita guda ko fiye, don haka ba laifi bindiga ta huta a kube. Amma hazo yakan sauko ba zato. Akwai tudun tsakuwa da kogunan ƙanƙara suka tara, da manyan ɓaraguzan ƙanƙara a bakin teku, waɗanda farar dabba ke iya kwanciya a bayansu. Daga ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Fabrairu kuma rana ba ta fitowa sam a Longyearbyen, a tsakiyar wannan lokaci iyakar ganin mutum iyakar hasken fitilarsa. A Alaska abin ya fi muni a cikin sarƙaƙiyar gefen rafi, inda ba a ganin abin da ya wuce 'yan takuna, ƙarar ruwa kuma ta hana mutum da beyar jin motsin juna. Da zarar tafiya ta kawo irin waɗannan wurare, bindiga ta bar jaka ta dawo hannu ko gaban ƙirji, kome gajiya. A ganinmu babban kuskuren da ake yi shi ne neman hanya guda da za ta wadatar tun daga fita har dawowa, alhali kuwa amsar tana sakewa sau da yawa a yini ɗaya.

Akwai bincike da ke ƙarfafa wannan. A 2012 Tom Smith da Stephen Herrero da abokan aikinsu sun buga nazarin karo 269 da aka yi tsakanin beyar da mutane masu ɗauke da bindiga a Alaska daga 1883 zuwa 2009. Sun sami cewa doguwar bindiga ta tsayar da dabbar a kashi 76 cikin ɗari na lokutan da aka yi amfani da ita, ƙaramar bindigar hannu kuwa a kashi 84. Wannan abin lura ne ƙwarai, domin ba mai musun cewa doguwar ta fi ƙarfi nesa ba kusa ba. Da suka duba dalilan gazawa, wanda ya zo kan gaba, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu, shi ne rashin lokaci. Cikin sauran akwai cijewar bindiga, da kuskuren saiti, da makullin da aka kasa buɗewa kafin dabbar ta iso.

5.1 Hannun da bai saba ba

Kusantar bindiga rabin lissafin ne kurum. Da asubahin 5 ga Agusta 2011 wani tsohon beyar mai yunwa ya faɗa wa sansanin wasu matasa 'yan Birtaniya kusa da kogin ƙanƙara na Von Post, kimanin kilomita 40 daga Longyearbyen. Ya kashe wani yaro ɗan shekara 17, ya raunata mutum huɗu. Wayar gargaɗi da aka kewaye sansanin da ita ba ta tashi ba. Ɗaya daga cikin jagororin ya kai ga bindigar, Mauser ce, ya yi ƙoƙarin harbi har sau huɗu, amma harsasan suka riƙa faɗowa ƙasa ba tare da ko ɗaya ya tashi ba. Sai bayan beyar ya raunata shi ne ya tsinci harsashi guda daga ƙasa, ya sa, ya harbe shi.

Makullin Mauser yana da matsayi uku. Idan an kwantar da shi hagu bindiga za ta tashi. Idan an kwantar da shi dama ya kulle kunama da sakata duka. Idan kuwa yana tsaye a tsakiya, sakata tana aiki amma kunama ba ta yi, an ƙera shi haka ne domin a iya fitar da harsasai lami lafiya. Bayanin da binciken lamarin ya karkata gare shi shi ne cewa matsayin makullin ne ya hana ta tashi. A wannan karo bindigar ba a jaka take ba, ta iso hannu, amma daƙiƙoƙin suka zube a kan ɗan ƙarfen da bai kai tsawon yatsa ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Shi ya sa Cibiyar Jami'a ta Svalbard, wadda aka buɗe a 1993, ba ta fitar da ɗalibanta aikin daji sai sun yi horon tsaro da ya haɗa da sarrafa bindiga da harbi. Mu kuma za mu ƙara da cewa horon da ya dace shi ne wanda ake yi da jakar a baya, cike da kaya, da safar hannun da za a sa a ranar.

6.0 Ɗuri, bakin bindiga da sanyi

Mai karatu zai iya cewa, tun da lokaci ne matsalar, me zai hana a ɗauke ta a ɗane? Abin da zai hana shi ne, beyar yakan zo sau ɗaya ko ma bai zo ba, bindiga kuwa tana tare da ayarin kowace daƙiƙa. Makulli na'ura ce, na'ura kuwa tana kuskure. Madaurin jaka ko reshe na iya goge shi ya buɗe mutum bai sani ba, wani tsinke ya shiga zoben kunama. A 2014 kamfanin Remington ya nemi a mayar masa da bindigoginsa ƙirar 700 da aka ƙera tsakanin 2006 da 2014 masu wata irin kunama, saboda yiwuwar su tashi ba a ja ba. Bindigar da ke bayan mutum kuma ba ya ganin inda bakinta ya nufa. Idan baki na sama ya sunkuya ɗaure takalmi, ya saita wanda ke gabansa. Idan baki na ƙasa yana hawan tudu, ya saita wanda ke biye da shi. Don haka al'adar Svalbard ita ce rabin ɗuri a bayan gari: a danne harsasai da babban yatsa, a tura sakata ta wuce ta kansu, a tabbatar mazauni wofi ne. Ana biyan daƙiƙa ɗaya ko biyu na jan sakata, a sayi lafiyar abokan tafiya da su.

Bakin bindiga kuma yana da nasa haɗarin. Taɓo ko dusar ƙanƙara da ta toshe bututu tana iya sa ya tsage a hannun mai harbi. Maganin mai arha ne: a liƙe bakin da ɗan salatif irin na masu gyaran lantarki. Iskar da ke gaban harsashi ita ke fasa shi kafin harsashin ya iso. Mai madubin saiti a kan bindigarsa yana da ƙarin dalilin nisantar da ita daga bayan jaka, domin nan ne ke fara bugun dutse duk sa'ad da aka yar da kaya, kuma madubin da ya gota ba ya nuna alama sai an yi harbi an kuskure.

Sanyi ma yana da hukuncinsa. Man shafawa yakan yi kauri ya riƙe allurar da ke bugun harsashi, shi ya sa ake goge shi kusan ƙaf. Bindigar da aka shigar da ita tanti mai ɗumi takan yi gumi, in aka fito da ita gumin ya daskare a cikin sakata. Wannan ne ya sa masu aiki a can suka riƙe tsofaffin bindigogi masu sakata. Rundunar Sirius ta Denmark, mai sintiri da karnuka a arewa maso gabashin Greenland, ta shahara da riƙon wata bindiga ƙirar 1917. Masu sintirin arewacin Kanada kuwa sun yi aiki da Lee-Enfield tun 1947, wadda aka maye gurbinta da ita bayan shekaru saba'in ma mai sakata ce.

Sai mu koma ga maharbin nan na Alaska da muka bari bindigarsa na cikin kube. Idan ya yi sa'a ya kashe dabbarsa, dokar jihar ta tilasta masa kwashe naman da ke ciyuwa, kuma ba a yarda ya fitar da ƙaho kafin nama ba. Sau da yawa wannan yana nufin zuwa da dawowa fiye da ɗaya tsakanin wurin yanka da sansani, da jaka mai ɗigar jini, a ƙasar dabbar da hancinta ya fi idonta. Bayansa bai taɓa bukatar hutu kamar yanzu ba, hannuwansa ba su taɓa bukatar sandunan dogarawa kamar yanzu ba, amma bindigar da ta fito da safe a matsayin kayan farauta ta riga ta zama ta kare kai. Sa'ad da zai koma ɗaukar kaso na biyu, ya kamata ya tsaya daga nesa ya duba ko wani ya riga shi kan naman, bindiga a hannu, jakar kuma ɗamararta a sassauce yadda zai iya zubar da ita nan take.

A Svalbard ayari yakan raba aikin: mai bindiga a gaba, in akwai ta biyu a ƙarshen sahu, mai harba wutar razanarwa kuma a aljihu ko ɗamara, domin ita ake fara kaiwa gare ta, a harba dunƙulen ya faɗi tsakanin mutane da beyar, kada ya faɗi bayansa ya koro shi kansu. Idan an dawo bakin Longyearbyen, inda allon nan mai hoton beyar yake tsaye a gefen hanya, hukuncin yakan sake juyawa. An hana yawo da bindiga mai ɗuri a cikin gari, don haka nan ake tsayawa a juya baki ga fili, a fitar da harsasai, a bar ta yadda duk mai wucewa zai ga fanko ce, kuma ba a shiga da ita kanti ko ma'aikata. Daga nan sai a ɗaure ta a duk inda baya ya fi so.